Tanda a Bakin Titi: Sana'ar Waina a Minna da Abin Koyi daga Okonomiyaki na Japan

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi sana'ar toya waina a garin Minna, ta ajiye ta kusa da okonomiyaki, wainar fulawa da kabeji da mutanen Japan ke zama su ci a ƙananan shaguna da rumfunan titi. Dukansu biyu abincin talaka ne da ya rayu a hannun mata masu neman rufin asiri. Na Japan ya zama abin alfaharin birane, har ana kai manyan baƙi su ci, namu kuwa yana nan a bakin kwata. Maƙalar ta kafa hujja cewa bambancin ba daga ɗanɗano ko gwaninta ya taso ba. Ya taso ne daga mazauni tabbatacce, da ruwa mai tsabta, da dokar da ta san da zaman mai sana'ar. An dogara da lura da yadda sana'ar ke gudana a unguwannin Minna, da kuma abin da aka rubuta kan tarihin abincin titi a Hiroshima da Osaka da Fukuoka.

1.0 Gabatarwa

Minna gari ne da tafiya ta raina. Asalinsa mazaunin Gbagyi ne a kan tsaunin Paida da kewayensa, amma layin dogo ne ya sauko da shi fili. Layin da aka fara shimfiɗawa daga Baro a 1907 ya ratsa ta nan kafin ya isa Kano a 1911, sannan wanda ya taso daga Legas ya zo ya haɗe da shi a Minna. Leburori da ma'aikatan jirgi da fatake suka taru, Hausawa da Nufawa da Yarabawa da Ibo, akasarinsu sun baro iyali a gida. Duk inda gwauraye suka taru kuwa, mai abinci ba ta nisa. Da aka ƙirƙiro Jihar Neja a 1976 aka mai da Minna babban birni, sai ma'aikatan gwamnati suka ƙaru. Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a 1983 ta kawo dubban ɗalibai Bosso, daga baya Gidan Kwano. Yau duk wanda ya bi ta Kpakungu ko Tunga ko Maitumbi ko shataletalen Mobil da sassafe zai ga cewa kaso mai yawa na mutanen garin a waje suke karyawa.

Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa mutum biliyan 2.5 ne ke cin abincin titi kullum a duniya. Duk da haka, yawancin abin da muke rubutawa kan wannan abinci a jami'o'inmu ƙidayar ƙwayoyin cuta ce: a ɗebo samfur, a kai ɗakin gwaji, a ba da shawarar a wayar wa mata da kai. Wannan aiki yana da amfani, amma yana barin babbar tambaya a ƙasa, wato me ya sa matar da ta san tsabta a ɗakinta take kasa yin ta a inda take sana'a.

2.0 Waina a Minna

Aikin waina tun jiya yake farawa. Ana jiƙa farar shinkafa, wadda ake kira shinkafar tuwo, ta yi sa'o'i a ruwa. A ɗebi wani kaso a dafa shi ya yi laushi, a haɗa da ɗanyar, a kai inji a markaɗa, wasu da albasa a ciki. Sai a sa yis, a rufe, a bar ƙullu ya kwana. Abin da ke faruwa a cikin dare shi ne ƙwayoyin yis suna cika ƙullun da iska, wasu ƙananan halittu kuma masu sa tsami, irin waɗanda ke mai da madara nono, suna ba shi ƙanshi suna kuma rage wa miyagun ƙwayoyi wurin zama. Da asuba mai waina za ta buɗe ta duba ko ya tashi. In tsami ya yi yawa ta kashe shi da ɗan ruwan kanwa, ta daidaita sukari da gishiri, ta sassauta kaurin da ruwa. Babu ma'auni a nan sai ido da harshe. Lokacin hunturu ƙullu yana nawar tashi, a watan Maris da Afrilu kuwa, da zafin Minna ya kai maƙura, yana iya wuce gona da iri kafin a kira sallah. Matar da ke fitar da waina iri ɗaya a duk waɗannan yanayi ta mallaki ilimin da ya cancanci a kira shi ilimi.

Sai tanda. Ta gargajiya ta yumɓu ce, mai gurabe a jere, ana ɗora ta a kan murhun itace ko gawayi. Sabuwar tanda ba ta toya waina mai kyau sai ta sha mai ta horu, shi ya sa mai sana'a ke riƙe tsohuwar tandarta kamar dukiya. Ta ɗiga mai a kowane gurbi, ta zuba ƙullu da ludayi, ta jira gefe ya yi ja, ta juya da cokali. Wutar gurbin tsakiya ba ɗaya take da ta gefe ba, don haka hannunta ba ya bin gurabe a jere, yana bin wanda ya nuna ne. Tana yin wannan tana karɓar kuɗi, tana ba da canji, tana amsa gaisuwa. “Inna, a ba ni ta ɗari biyar, a sa ƙuli da yawa.” “To, ɗan nan, bari wannan ta soyu.” In an gama ƙirgawa mai saye ya ce a yi masa gyara, ta ƙara masa ɗaya.

Mahaɗin ma yana nuna garin. Akwai miyar taushe, akwai miyar alayyafo da gyaɗa, akwai romon kai ko na ƙashi ga mai hali. Akwai garin ƙuli-ƙuli da yaji da ɗan mai, kuma a wannan jiha ƙuli-ƙulin Bida ba ya buƙatar gabatarwa. Yara kuwa sukari suke so. Kusa da mai waina sau da yawa za a ga mai ƙosai da koko, da mai soya doya, domin doyar Paiko da Kuta da Gwada ba ta yanke wa garin. Sinasir, wanda ake yi da ƙullu mai kama da na waina amma a shimfiɗe a kasko, ya fi fitowa a biki da suna da azumi.

Shinkafar kanta ta gida ce. Fadamun Kogin Kwara da na Kaduna da na Gbako sun sa Neja cikin manyan jihohin noman shinkafa, kuma a Badeggi, kusa da Bida, Cibiyar Binciken Hatsi ta Ƙasa take, inda aka fitar da irin shinkafar da manoma suka sani da sunan FARO. Ke nan kowace waina da aka toya a Limawa ko Unguwar Daji kasuwa ce ga manomin jihar, da mai sussuka, da mai injin markaɗe, da mai gyaɗa, da mai gina tanda.

Ribar kuwa siririya ce. Shinkafa, mai, kuɗin markaɗe, itace ko gawayi, ruwan ɗan ga-ruwa, leda, duk daga cinikin yini ɗaya suke fita. Rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019 ya ɗaga farashin shinkafa, cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 ya ɗaga kuɗin markaɗe da na dako. Mai waina ba ta iya ƙara kuɗi yadda mai kanti ke yi, domin masu sayenta maƙwabta ne, ta san aljihunsu. Abin da take yi shi ne ta rage cikar ludayi, ko ta surka da karyayyar shinkafa ko masara, ko ta maimaita man da ya kamata a zubar. Jarinta adashi ne, kuma rashin lafiyar mako guda yana iya cinye shi.

Akwai kuma ɓangaren sana'ar da ba ya fitowa titi. Polly Hill, a binciken da ta yi a Batagarawa ta ƙasar Katsina a shekarun 1960, ta nuna girman cinikin da matan aure ke yi daga cikin gida. Enid Schildkrout ta nuna a Kano, a shekarun 1970, cewa yara ne ƙafafun wannan ciniki. Haka abin yake a tsofaffin unguwannin Minna: uwa na toyawa a tsakar gida, 'yarta na ɗauke da tire zuwa tasha ko bakin kasuwa. Duk wanda ya damu da yarinyar da ke talla a lokacin makaranta dole ya damu da inda uwarta za ta sayar da wainar in an sauke tiren.

3.0 Okonomiyaki: yadda abincin yunwa ya sami gida

Okonomiyaki ƙullun fulawa ne da ake damawa da romon busasshen kifi, a sa ƙwai da yankakken kabeji mai yawa, sau da yawa da wata doya mai yauƙi da ake gogawa a ciki don ya yi laushi. Ana toya shi a kan faffaɗan farantin ƙarfe mai zafi, a shafe shi da wata miya mai kauri da zaƙi-zaƙi, a barbaɗa garin ganyen teku da siraran yankan busasshen kifi. A Osaka ana cakuɗa komai wuri ɗaya kafin a zuba, kuma a shaguna da yawa farantin a jikin teburin yake, mai ci ne ke toya abinsa. A Hiroshima hawa-hawa ake yi: siririn ƙullu a ƙasa, tulin kabeji, nama, taliya, sannan ƙwai, mai shago na aiki a gaban masu ci suna zaune a kewaye. Ya kamata a faɗa wa Musulmin da zai je can cewa naman da aka fi sawa na alade ne, don haka sai ya tambaya kafin ya zauna.

Kafin Yaƙin Duniya na Biyu akwai wani ɗan abin taɓawa mai arha da ake kira issen yoshoku, siririn ƙullu da ganyen albasa da miya, wanda yara ke saye a shagunan alewa. Bom ɗin da Amurka ta jefa wa Hiroshima ranar 6 ga Agustan 1945 ya bar garin toka. Shinkafa ta yi ƙaranci, abin da ake samu shi ne fulawar agaji daga Amurka, da kabeji mai arha mai cika ciki. Mata da yawa, ciki har da waɗanda yaƙi ya kashe wa maza, suka gyara gaban gidajensu, suka kafa farantin ƙarfe, suka fara sayarwa suna duba 'ya'yansu. Har yau shaguna da dama a garin suna ɗauke da sunayen lele irin na mata. Wanda ya san zawarawa da marayun da tanda ta raina a unguwanninmu ba zai ji wannan labari baƙo ba.

Abin da ya faru bayan nan shi ne ya fi shafarmu. A tsakiyar birnin, a dandalin Shintenchi, masu rumfuna sun taru suna toyawa da dare. Da aka tashi gyara wurin a shekarun 1960, sana'ar ba ta watse ba, masu rumfunan sun koma cikin gini ɗaya da aka sani da Okonomimura. Ginin da ake amfani da shi yanzu an buɗe shi a 1992, yana da shaguna sama da 20 a hawa uku, kowanne da farantinsa da mai shi. A gefe guda kuma kamfanin Otafuku na Hiroshima ya zauna da masu toyawa, ya ji kukansu cewa miyar da ake da ita ta cika ruwa tana zubewa daga kan abincin, ya fitar da mai kauri a 1952. Daga baya ya riƙa zaƙaƙa ta da dabino. Masana'anta ta bi mai sana'a, ta yi mata abin da take buƙata. Lokacin taron ƙasashen G7 a Hiroshima a watan Mayun 2023, Firaministan Birtaniya na wancan lokaci, Rishi Sunak, ya zauna a gaban farantin ya ci, duniya ta gani.

Osaka tana da takoyaki, wanda Tomekichi Endo ya fito da shi a 1935: ƙullu ne da ake zubawa a kasko mai gurabe, a sa guntun wata halittar teku mai hannuwa takwas, a riƙa juyawa da tsinke har ya dunƙule. Duk Bahaushen da ya ga kaskon zai ce tanda ce. Sai dai ƙullun Japan ba ya kwana. Ta fuskar tsami, 'yar'uwar waina ta kusa tana kudancin Indiya, inda ake toya paniyaram da ƙullun shinkafa mai tashi a kasko iri ɗaya.

Japan ba ta kasance mai tausayin masu rumfa a ko'ina ba. A Tokyo da wasu birane an kore su daga tituna da sunan tsabta da kyan gari, musamman gab da wasannin Olamfik na 1964, kuma ba su dawo ba. Fukuoka ce ta bi wata hanya, bayan doguwar ja-in-ja. Rumfunanta na dare, da ake kira yatai, sun haura 400 a shekarun 1960, suka yi ta raguwa har suka koma kusan 100, saboda an ƙi bari a sayar da izinin ko a miƙa shi ga bare. A 2013 birnin ya yi doka ta musamman da ta amince da su a matsayin abin da gari ke so ya riƙe. Aka ƙayyade wuri da girman rumfa, aka ce a kafa da yamma a kwashe kafin gari ya waye, aka hana sayar da ɗanyen abinci, aka ja ruwa da lantarki da magudana zuwa wurare da dama, sannan daga 2016 aka fara buɗe gurabe ga sababbin masu nema. Ƙasa ɗaya ce, al'ada ɗaya: inda aka kora sana'ar ta mutu, inda aka tsara ta rayu.

4.0 Inda gizo ke saƙar a Minna

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2015 ya ce mutum miliyan 600 ne ke kamuwa da cuta daga gurɓataccen abinci duk shekara, 420,000 na mutuwa. Idan aka kwatanta da yawan jama'a, Afirka ce ta fi ɗaukar nauyin, da fiye da mutum miliyan 91 masu kamuwa da mutuwar 137,000. Ba abin wasa ba ne. Amma a duba wainar kanta: ƙullu mai tsami ne da aka toya a mai mai zafi, aka miƙa tana tururi. Hatsarin yana kewaye da ita ne. Yana cikin bokitin ruwa ɗaya da ake wanke kwanuka tun safe, da miyar da ta huce ta yi sa'o'i a buɗe, da ƙurar mota, da kwatar da ke gefe, da ledar da ake zuba miya mai zafi, da rashin makewayi kusa. Kusan duka matsalolin wuri ne da ruwa.

Matar da ba ta da tabbacin kwana a gurbinta ba za ta kashe kuɗi ta dafe ƙasa da siminti ba. Ba za ta sayi tankin ruwa ba, ba za ta kafa rumfar kwano ba, domin gobe ana iya cewa ta tashi za a faɗaɗa hanya, ko mai fili ya sayar. Komai nata dole ya zama abin da za a iya ɗorawa a ka a gudu da shi. Ruwa kuma tana saye ne jarka-jarka, domin ruwan madatsar Tagwai da matatar Chanchaga ba ya isa unguwanni da yawa a kai a kai. Wanda ke sayen ruwa da kuɗin ribarsa dole ya yi tsimi. Sai mu zo da takardar wayar da kai mu ce ta riƙa wanke hannu da ruwa mai gudu. A ganina wannan ɗora wa mai rauni laifin da ba nata ba ne.

Hayaƙi ma haka. Mai waina tana shaƙar hayaƙin itace sa'o'i kullum, sau da yawa da goyo a baya, a jihar da ke da tashoshin lantarki na Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru. Gas zai sauƙaƙa mata, amma tandar yumɓu an gina ta ne don garwashi, shi ya sa masu komawa gas ke sayen ta ƙarfe ko ta alminiyum. Wadda ake zubawa daga tarkacen ƙarafa tana buƙatar gwaji, domin bincike a wasu ƙasashen Afirka ya sami dalma a irin waɗannan tukwane. Nan akwai aikin da ya dace da jami'ar fasaha da ke cikin garin, tare da magina na Tatiko a ƙaramar hukumar Paikoro: tandar yumɓu da za ta zauna a kan gas ba ta fashe ba. Jihar nan ta taɓa ganin irin wannan haɗuwa. A tsohuwar Abuja, Suleja ta yanzu, Michael Cardew ya buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a farkon shekarun 1950, inda Ladi Kwali ta shiga a 1954. Cardew almajirin Bernard Leach ne, shi kuwa Leach a Japan ya koyi sana'ar.

Al'adar zama a ci a waje ita ma ta bambanta. A wurinmu magidanci yana jin nauyin a gan shi a tsugune gaban mai waina, mace kuwa ba ta zama sam, sai dai ta aika yaro. Teburin mai shayi ne kaɗai ya sami karɓuwa a matsayin majalisa, shi ma na maza. Amma wannan yana sauyawa. Shagunan masa masu kujeru da fanka sun fara bayyana a biranen Arewa da Abuja, inda iyali ke zama su ci da farfesu, wasu kuma suna karɓar oda ta WhatsApp. Wannan abin farin ciki ne, yana kuma da abin tsoro. Idan waina ta yi daraja ta hanyar masu jari kaɗai, matar da ta riƙe sana'ar shekara da shekaru za ta koma 'yar aiki a bayan shagon wani, tana toyawa a kan albashi. Abin da ya burge ni a tsarin Okonomimura shi ne rufi ɗaya ne amma kowane faranti da mai shi.

5.0 Abin da za a iya gwadawa

Ba na kiran a gina bene. Ƙananan hukumomin Chanchaga da Bosso suna iya ware fili kaɗan a wuraren da cinikin ya riga ya kafu, kamar gefen Kasuwar Kure, da manyan tashoshin mota, da ƙofofin jami'a. A dafe ƙasa, a yi rufi, a haƙa rijiyar burtsatse ɗaya mai aiki da hasken rana, a yi wurin wanke-wanke da magudana da makewayi. Kowace mai sana'a ta sami gurbi da takardar da ke ɗauke da sunanta na wasu shekaru, wadda 'yarta za ta iya gada, kuma ba a yarda a ba da hayarta ga wani ba. Kuɗin da ake karɓa a hannunsu kullum ya zama da rasit, a ga inda ya tafi. Ma'aikatan duba-gari su riƙa zuwa a ranakun da aka sani, da sharuɗɗa kaɗan da kowa ya haddace: miya ta zauna a kan wuta, kwano ya wanku da ruwa mai gudu, kada a zuba abu mai zafi a leda.

Matan da ke toyawa a cikin gida su ma a ba su hanya. Gurbi ɗaya a irin wannan rumfa yana iya zama na ƙungiyar adashi, babbar mace guda ta zauna ta sayar da wainar gidaje biyar ko shida, a raba ciniki da yamma, yaran su tafi makaranta. Kafin a kafa ko da bulo ɗaya, sai an zauna da masu waina an tambaye su inda masu sayensu ke bi da lokacin da suke zuwa, domin rumfar da aka gina nesa da hanyar mutane kufai za ta zama, matan kuma su koma bakin titi.